An Yi Wa 'Yata Allura Ƙafarta Ta Saki, Ko Ina Da Haƙƙin Neman Diyya?

Tambaya: Sati biyar ke nan da 'yata mai shekara huɗu ta yi zazzaɓi, muka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu, aka yi mata allura a ɗuwawun hagu. Allurar na shiga ta ƙwalla ƙara irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, ta kasa taka ƙafar. Yanzu tana tafiya, amma jan ƙafar take yi, ko silifa ba ya zama. Da farko mai asibitin ya ce shan inna ne, daga baya ya aiko da naira dubu ɗari biyu ta hannun mai unguwa, wai in sa hannu a takarda a bar maganar. 'Yan uwa na cewa ƙaddara ce in haƙura. Shin doka ta ba ni damar neman diyya? Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, sannu da jinya. Allah Ya ba yarinyar nan lafiya, Ya ba ku ladan ɗawainiya. Ni lauya ne, ba likita ba, sai dai shari'ar rauni ta sha zaunar da ni gaban likitocin ƙashi da masu gashi, wato masu motsa gaɓoɓi a asibiti, ina ɗaukar karatu, domin wanda bai fahimci ciwo ba ba zai iya yi wa alƙali bayaninsa ba. Don haka da ƙafar zan fara kafin mu je kotu.

Tun kafin mu yi nisa: doka ta ba ka hanya, amma kada ka sa hannu a takardar nan yanzu. A sati biyar babu wanda ya san iyakar ɓarnar da aka yi wa ƙafar nan, har likitan da ya fi kowa ƙwarewa. Magani da tara shaida su ne abin gaggawa. Sa hannu shi ne abin da ake jinkirtawa.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Ta ukun nan ce maganarmu. Wadda ta fi kowace girma a jiki tana fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ɗuwawu can ciki, ta gangara ta bayan cinya. Likitoci na ce mata sayatik, a babban mutum kuwa kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Kafin ta kai bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya shi ke tura ƙafa ƙasa, ya kawo ji daga tafin ƙafa. Ɗayan shi ke ɗaga ƙafa sama daga idon sawu, ya kawo ji daga saman ƙafa da gefen ƙwauri, kuma shi allura ta fi samu. Shi ya sa ake koya wa duk mai yin allura ya kasa ɗuwawu gida huɗu a zuciyarsa, ya soka a gidan sama na waje kaɗai. Ƙaramin yaro kuwa, balle wanda ciwo ya ramar, naman wurin ba shi da kauri, gaban cinya ta gefen waje ya fi aminci. Ba tsinin allurar kaɗai ke ɓarna ba, maganin kansa in ya zuba cikin jijiyar ko a gefenta ƙona ta yake yi, kuma kinin da fenisilin da diklofenak duk an san su da wannan.

Yau da daddare ka zaunar da ita a kujera ƙafafunta na reto, ka ce ta ɗaga babban yatsa kamar za ta nuna maka rufin ɗaki. Ka ce ta gwada tsayawa a kan dunduniya. Sannan ka rufe mata ido da tafin hannunka, ka shafa auduga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ta gaya maka in ta ji, ka gwada ɗaya ƙafar ka ga bambanci. Ka saurari tafiyarta a kan siminti: ƙafar da ta saki faɗuwa take yi fat, fat, yarinyar na ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala don kada yatsun su kama ƙasa. Duk wannan ka ɗauka a bidiyo, ka faɗi kwanan wata da bakinka a farko, ka maimaita duk bayan sati biyu. Likita zai amfana da shi, alƙali ma haka, gani ai ya kori ji. Kada ka goge na asali daga wayar da ta ɗauka, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da hoton ya fito daga cikinta.

Maganar shan inna kuwa, kada ka tsaya musu da baki, gwaji ne zai raba gardama. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗauki bayan gidansa sau biyu da tazarar aƙalla awa 24, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Ba a biyan ko kwabo. An fi son a ɗauka cikin kwana 14, amma ana karɓa har kwana 60, kai kuwa kana kwana 35, to gobe ka je asibitin gwamnati mafi kusa ka ce a kira jami'in sa idon. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agusta na 2020, sai dai akwai nau'in da har yanzu ke yawo a inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, kuma likitoci sun san allura a tsoka na iya jawo shanyewar gaɓar da aka soka in yaro na ɗauke da ƙwayar. Lauyan asibitin zai ɗauko wannan, gara ka riga shi. Alamun da ka faɗa dai ba su yi kama da shan inna ba: shi ba ya ɗauke ji daga fata, ya fi kama tsokar cinya, kuma ba ya sauka a daidai lokacin da allura ke shiga. Akwai kuma tambayar da nake so mai asibitin ya amsa wata rana: in da gaske shan inna ya zata, wa ya sanar?

Yanzu ga dalilin da na ce babu wanda ya san iyakar ɓarnar. A 1943 wani likitan ƙashi ɗan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku, har yau kuma a kan rabonsa ake tafiya. Ka ɗauki jijiya kamar wayar lantarki, akwai roba a waje, akwai zaren tagulla a ciki. Mafi sauƙi shi ne a matse ta saƙo ya tsaya amma zaren bai tsinke ba, wannan yakan dawo da kansa cikin kwanaki zuwa wata uku. Na biyu, zaren ya tsinke amma robar na nan, to zaren zai sake tohowa ya bi ta cikinta, yana tafiyar kusan milimita ɗaya a rana. Daga ɗuwawun yarinya 'yar shekara huɗu zuwa tsokar da ke ƙasan gwiwa ya kai santimita 25 zuwa 30, wato wata takwas zuwa goma kafin ka ga yatsa ya motsa. Na uku, jijiyar ta lalace gaba ɗaya ko tabo ya toshe hanya, wannan sai da tiyata. Dukkan ukun a sati na biyar kama ɗaya suke yi a ido.

Ita kuwa tsoka ba ta jira har abada. In ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai iso mata ba, ko jijiyar ta iso daga baya ba ta tarar da mai amsawa. Saboda haka likitoci ba sa barin wata uku zuwa shida su wuce babu alamar farfaɗowa ba su fara maganar buɗe wurin ba. Akwai gwajin da ake yi da lantarki, ana ce masa EMG, wanda ke nuna inda saƙon ya tsaya da girman raunin. Ba ya faɗin gaskiya sosai sai rauni ya yi sati uku, ke nan yanzu lokacinsa ya yi, a kuma maimaita bayan wata uku. Ka nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. In kana Kano ko kusa, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke da sashen gashi da sashen ƙera takalmin gyaran ƙafa.

Takalmin nan na roba da ke riƙe idon sawu a miƙe, a yi mata shi da wuri, a kuma koya wa mahaifiyarta yadda za ta riƙa lanƙwasa ƙafar sama safe da yamma. In aka bar ta a sake, agarar dunduniya za ta ɗaure, ko jijiyar ta warke a tarar ƙafar ta sandare. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙonka, kada a kai ta wurin mai ɗori, babu ƙashin da ya karye. Kada a yi tsaga, kada a gasa da ruwan zafi, ƙafar da ba ta ji ba ta san ƙuna ba, kullum da dare a duba tafin ƙafar ko ƙaya ta shiga. Wannan har a shari'a yana da nauyi. Da zarar an ga tabon aska a ƙafar, ɗaya ɓangaren zai ce ku kuka lalata ta, doka kuma tana ɗora wa wanda aka cuta nauyin yin abin da ya dace don kada ɓarnar ta ƙaru.

To, mu zo kotu. Abin da za ka kai ƙara a kansa shi ne sakaci, kuma mai ƙara shi ke kawo hujja. Cewa asibitin na da nauyin kula da ita, wannan ba a musu, tunda sun karɓe ta sun yi mata kati. Aikin yana wurin nuna cewa sun kasa yin abin da ma'aikacin lafiya mai matsakaicin ƙwarewa zai yi, da cewa wannan gazawar ce ta kashe ƙafar. Ba kowane mummunan sakamako ne sakaci ba, dole in gaya maka gaskiya. Amma tambayoyin da za a yi a shari'arka masu kaifi ne. Wa ya yi allurar, nas ce mai rajista ko yaron gida ne da aka koya wa a tsaitsaye? A wane gida na ɗuwawun aka soka? Wane magani ne? Allurar ma ta zama dole? Zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba da ƙwaya ake maganinsa, mai tsananin kuwa in za a yi masa allura a tsoka, gaban cinya aka ce. Da ta ƙwalla ƙarar nan an tsaya ko an ci gaba da tura maganin? Da aka ga ta kasa taka ƙafa, an tura ku gaba ko an ce ku je gida zai warware? Ba sai ka bi wanda ya riƙe sirinji shi kaɗai ba, asibitin na ɗaukar laifin ma'aikacinsa a kan aikin da ya sa shi.

Inda akasarin irin waɗannan ƙararraki ke faɗuwa shi ne rashin likitan da zai tsaya ya yi bayani. Akwai shari'ar Abi da Babban Bankin Najeriya, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke aka buga a rahoton shari'a na 2012. Ma'aikaci ne ya ce alluran da aka yi masa, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta na jentamaisin, su suka kurmantar da shi. Kurumtar ba a musa ta ba, amma bai kawo ƙwararren da zai ɗaure ta da sakaci ba, ya rasa. A shari'ar Ojo da Gharoro, 2006, guntuwar allurar ɗinki ce ta karye ta zauna a cikin wata mata bayan tiyata, ta dogara da cewa abin da kansa ya isa shaida. Likitocin suka kawo bayaninsu, ita ba ta kawo likitan da zai rushe shi ba, Kotun Ƙoli ta ce ba ta tabbatar da sakaci ba. Na san likitoci ba sa son ba da shaida a kan junansu, wannan na daga cikin abin da ke ci mini rai a aikin nan. Amma ba sai ka nemi likita ya ce wane ya yi laifi ba. Ka nemi rahoto a rubuce, da sa hannu da hatimi, mai faɗin abin da ya gani, abin da gwaji ya nuna, abin da ya fi zato shi ne sanadi, da abin da za a buƙata nan gaba. Sauran aikin lauya ne.

Wani uba ya taɓa zuwa ofishina bayan wata goma sha huɗu, ɗansa a kafaɗa. Ya kwance baƙar leda a kan teburina, abin da ke ciki katin asibiti ne da ruwa ya taɓa, babu sunan magani, babu sunan wanda ya yi allura, sai wata takarda da ya dangwala wa yatsa a gaban dattawa cewa ya karɓi kuɗi ya yafe har abada. Kuɗin sun ƙare a wata na biyu, a mota da gashi. Ƙafar yaron ta riga ta sandare, yatsun na kallon ƙasa, gaban takalminsa ya cinye. Na juya takardun nan sau uku ina neman abin kamawa, ban samu ba. Shi nake tunawa da na karanta tambayarka.

Saboda haka ka rubuta wa asibitin wasiƙa kana neman kwafin fayil ɗinta, ka riƙe kwafi ɗaya da suka sa wa hannu cewa sun karɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta musu ajiye bayanan mara lafiya, Kundin Haƙƙin Marasa Lafiya da aka ƙaddamar a 2018 kuma ya ambaci haƙƙin samun bayanan. Ka yi wannan da wuri, cikin lalama, kafin a ji ƙamshin lauya, domin fayil kan ɓata, rubutu kan canja. Ka sayi littafi ɗan sittin ka rubuta ranar, lokacin, kamannin wanda ya yi allurar, wanda ke ɗakin, abin da aka ce. Duk rasit, har na ɗan sahu in ka rubuta da hannunka, a zuba a gwangwani ɗaya. Saƙonnin waya tsakaninka da mai asibitin kada ka goge. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci kuma yana da iyaka. Kowace jiha da dokarta ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, a Legas misali shekara uku ce ga raunin jiki, lauyanka zai duba ta jiharku. Tunda asibitin kuɗi ne kana da ɗan sarari. Da na gwamnati ne da na ce ka tashi yanzu, domin Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata uku kacal ta bayar, kotuna kuma sun sha fassara cewa daga ranar da aka yi aikin ake ƙirgawa, ba daga ranar da ciwo ya daina ba. Wasu hukumomin ma sai an ba su takardar sanarwa kafin ƙara. Mutane da yawa a nan suka rasa haƙƙinsu, suna jiran a ga ko ƙafa za ta warke.

Ƙofofin da ake bugawa suna da yawa, amma ka san abin da ke bayan kowace. Hukumar Kula da Likitoci, MDCN, tana karɓar koke a takardar rantsuwa, kwamitinta ya bincika, kotun ladabtarwarta na iya gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko soke suna daga rajista. Ba ta ba ka kuɗi. Nas tana da tata hukumar, mai kemis kuma yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna. Ma'aikatar lafiya ta jiha, a Kano hukumar PHIMA, ita ke da ikon bincikar asibitin kuɗi da rufe shi. 'Yan sanda ba masu karɓo diyya ba ne. Diyya tana Babbar Kotun jiha, inda yarinyar ce mai ƙara, kai kana tsaya mata. In kuɗin lauya ne damuwa, doka ta yarda lauya ya yi aiki a kan kason abin da aka samu, a rubuta yarjejeniyar tun farko. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku.

Diyyar kanta kashi biyu ce. Akwai abin da ka kashe, wanda sai an lissafa shi ɗaya bayan ɗaya an kawo hujja, nan gwangwanin rasit ke aiki. Akwai kuma abin da alƙali ke ƙiyastawa: raɗaɗin da ta sha, gudu da wasan da ta rasa, nakasar da za ta rayu da ita. Ka zauna ka yi lissafin gaba da kanka. Takalmin roba ba ya girma da yaro, sai an riƙa sabunta shi har ta gama tsawo. Gashi sau biyu ko uku a sati, da kuɗin mota, da ranakun da kai ko mahaifiyarta za ku bar sana'a. In jijiyar ba ta dawo ba, akwai tiyatar da ake ciro igiyar wata tsoka mai lafiya daga bayan ƙwauri a dasa ta a saman ƙafa don ta riƙa ɗagawa. Ka auna wannan da dubu ɗari biyu.

Ba ina hana ka sulhu ba ne. Shari'a a ƙasar nan na iya cin shekaru, ɗaukaka ƙara ta ƙara wasu, kuma hukuncin miliyoyi a kan asibitin da ba shi da komai sai gado huɗu takarda ce kawai. Sau da yawa sulhu nake ba da shawara, amma mai tsari. Ka je wurin mai unguwa da girmamawa, ka gode masa, ka ce ba ka ƙi sulhu ba, rahoton likita kake jira. In mai asibitin na son taimakawa yanzu, ya biya kuɗin gwaji da takalmi da gashi, a rubuta ƙarara cewa wannan kuɗin magani ne na wucin gadi, ba rufe magana ba ne. Sulhu na ƙarshe ya zo bayan gwaji na biyu, lauya ya karanta kafin ka sa hannu, in so samu ne a kai shi cibiyar sasanci ta Babbar Kotu ya zama hukunci, ta yadda in ya saɓa akwai abin kama shi. Kada kuma ka ɗauka kuɗin da ya aiko sun zama amsa laifi, tayin da aka yi don neman sulhu galibi kotu ba ta karɓarsa a matsayin shaida. Facebook ma ka yi nesa da shi. Ka sa sunan asibitin ka ce sun kashe wa 'yarka ƙafa, gobe kai ne a gaban alƙali kan ɓata suna.

Sai maganar 'yan uwa. Gaskiya suka faɗa, ƙaddara ce, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Allah. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya shar'anta diyya a kan kuskure. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni. A fiƙihun Malikiyya cikakkiyar diyya dinari dubu ce, ƙafa ɗaya rabin haka, gaɓar da aka kashe wa amfani tana nan a jiki kamar an cire ta ne, in wani sashe na amfanin ne ya tafi a ƙiyasta gwargwadonsa. Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta ce ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke, wato sai an ga inda ya tsaya, daidai abin da nake gaya maka tun farko. Kuma haƙƙin nan ba naka ba ne, na yarinyar ne, kai amintacce ne a kansa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi ko uba na da ikon yafe dukiyar ƙaramar 'yarsa ba tare da wata maslaha gare ta ba. In dukkanku Musulmi ne kuma jiharku na da kotun Musulunci, wannan ma ƙofa ce, sai dai can ma rahoton likita za a nema.

Ga masu karatu da nasu raunin ba na allura ba ne, a gurguje: wanda injin ya ji wa rauni a wurin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi hanya ta asusun inshorar ma'aikata, NSITF, ba sai ya nuna laifin kowa ba, amma ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, ya nemi haƙƙinsa cikin shekara ɗaya. Wanda mota ta buge hannunsa ya shanye daga kafaɗa, ya nemi rahoton 'yan sanda da lambar inshorar motar tun ranar farko.

Kai kuwa, Malam, gobe jami'in sa ido da gwajin bayan gida, jibi wasiƙar neman fayil, cikin satin nan takardar turawa asibitin koyarwa, sannan lauya. In kun je ganin likita ka tafi da silifan nan da ba ya zama a ƙafarta, ka sa ta taka a gabansa, ka kuma roƙe shi ya rubuta ranar da aka yi allurar da ɓangaren da aka soka a shafin farko na sabon fayil ɗinta.